Aikin da Ya Ɓuya wa Masu Shi

Sana'ar da nake ci da ita a Faransa ita ce koya wa kwamfuta aikin akawu. Mutum-mutumin da muke haɗawa ba shi da hannu balle ƙafa. Manhaja ce da ake ɗora wa kwamfuta, ta buɗe shafi kamar yadda ma'aikaci zai buɗe, ta sa suna da kalmar sirri, ta kwafi lamba daga wannan gurbi ta liƙa a wancan, ta danna maɓalli, ta jira, sannan ta ɗauko fayil na gaba. Ba ta gajiya, ba ta tashi cin abincin rana. Masu sana'ar suna kiran fannin RPA. Inna tana Maradi, kuma har yau idan maƙwabta suka tambaye ta aikina, cewa take yi ina gyaran kwamfuta. Ban taɓa yi mata gyara ba, domin cikakken bayanin yana da nauyin da na daɗe ban so in ɗora a bakina ba. Shi nake son faɗa a nan.

A Bron nake zaune, gari mai mutum sama da 40,000 da ke manne da Liyon ta gabas. Karatu ya kawo ni, domin harabar Porte des Alpes ta jami'ar Lumière Lyon 2 a cikin Bron take, tiram mai lamba T2 yana sauke ɗalibai a bakin ƙofarta. Da na gama sai aiki ya riƙe ni. Wanda ya shigo garin daga Liyon asibitoci zai fara gani a jere a titin Pinel, ga Vinatier, ga na zuciya, ga na mata da yara. In ya miƙa gabas ya wuce tsohon filin jirgin sama, sai rumbunan ajiya da kamfanonin jigila har Chassieu da Saint-Priest. A ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni nake, a sashen da ke biyan masu kawo mana kaya. Kullum faktir, wato takardun neman biya, suna shigowa da ɗaruruwansu, kuma kowace sai an tabbatar wa ya aiko ta, kayan sun iso ko ba su iso ba, asusun da za a zuba kuɗin kuma na wane ne.

Kamfanonin da suka ƙera waɗannan manhajoji ba su daɗe a duniya ba. Blue Prism a Ingila aka kafa shi a 2001, Automation Anywhere a Kalifoniya a 2003, UiPath kuma a Bukarest ta Romaniya a 2005. UiPath ɗan ƙaramin kamfani ne na Daniel Dines da abokinsa kafin ya kai ga shiga kasuwar hannun jari ta New York a Afrilun 2021. Dalilin cinikinsu guda ne. Manyan ma'aikatu cike suke da tsofaffin manhajoji da ba sa jin yaren juna: ta sito daban, ta akawu daban, ta banki daban, kuma sauya su sai an kashe miliyoyi an ɓata shekaru. Abin da ke haɗa su shi ne hannun ma'aikaci. To sai aka ce a bar tsofaffin manhajojin yadda suke, a kwaikwayi hannun.

Dabarar tana aiki, sai dai ba ta jure motsi. Wata safiya na tarar mutum-mutuminmu ya tsaya tun tsakar dare. Wani mai kawo mana kaya ne ya ƙara wa shafinsa ɗan akwatin nan da ke tambayar baƙo ko ya yarda a ajiye bayanansa, akwatin kuwa ya rufe maɓallin da ake dannawa. Ɗan firamare zai rufe shi ya wuce. Mutum-mutumin ya yi ta neman maɓallin da ke ƙarƙashi har lokacin da aka ɗibar masa ya cika. Irin wannan ba ya ƙarewa: an matsar da gurbi, an sauya sunan maɓalli, shafi ya yi jinkirin buɗewa. Rabin aikina a farkon shekaruna jinyar irin wannan tuntuɓe ne.

Maganinsa shi ne API, ƙofar aike da mai manhaja ya buɗe musamman don wata manhaja ta aiko tambaya ta intanet ta karɓi amsa, ba tare da ta bi ta fuskar kwamfuta ba. A gidan Bahaushe, baƙo mai mutunci a zaure yake tsayawa. Ya yi sallama, ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi, a turo yaro da amsa. Ko an sauya wa randa wuri a tsakar gida, ba ruwansa. Mutum-mutumin da ke bin fuskar kwamfuta kuwa rigar ɗan gida yake sawa ya kutsa ciki yana lalube, shi ya sa duk abin da aka gusar sai ya ci karo da shi.

Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta waya a Kano ko Katsina ya bi ta irin wannan ƙofa ko bai sani ba. Ka sa lambar asusu mai alƙaluma 10, ka zaɓi banki, kafin ka ƙifta ido sunan mai asusun ya fito. Babu akawun da ya buɗe littafi. Manhajar bankinka ce ta aika tambaya ta hanyar NIBSS zuwa ɗaya bankin, amsa ta dawo. 'Yan kasuwar Maradi masu sayayya a Kantin Kwari sun daɗe da sabawa da wannan. A ƙasashen da ke kashe kuɗin yuro kuwa, sai a Oktoban 2025 doka ta tilasta wa bankuna duba ko suna ya dace da lambar asusu kafin a tura kuɗi.

Ƙofofin iri biyu muka fi cin karo da su. Tsofaffin suna bin tsarin SOAP, saƙonsu mai tsawo ne, kuma kowace tana da takardar da ke fayyace tambayoyin da take karɓa da siffar amsarta. Sababbin sun fi bin tsarin REST, wanda Roy Fielding ya zayyana a kundin digirinsa na uku a jami'ar Kalifoniya ta Irvine a 2000. Saƙonsu gajere ne, galibi da JSON ake rubuta shi, har mutum yana iya karantawa in ya saba. Kowace amsa tana zuwa da lamba: 200 an yi, 401 ba a san ka ba, 404 babu abin da kake nema, 429 ka cika tambaya sai ka dakata, 503 ƙofar a rufe take yanzu. Manyan manhajojin RPA duk sun tanadi hanyar ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi, don haka mutum-mutumi ɗaya yana iya yin rabin aikinsa ta ƙofar aike, ya bi fuskar kwamfuta a inda babu ƙofa.

Ta farko da na haɗa ita ce ta Sirene, rajistar kamfanoni da hukumar ƙididdiga ta INSEE ke riƙewa. Kowane kamfani a Faransa yana da lamba mai alƙaluma 9, SIREN, kowane reshe nasa kuma yana da mai 14, SIRET, kuma tun Janairun 2017 aka buɗe rajistar kyauta ga kowa. Da can sai ma'aikaciya ta buɗe shafi, ta rubuta lamba, ta karanta. Yanzu mutum-mutumin ne ke aika SIRET, nan take suna da adireshi su dawo, tare da harafi guda: A idan reshen yana aiki, F idan an rufe shi. A lokacin an ƙayyade tambaya 30 a minti, sai ka koya wa mutum-mutumin haƙuri. Ranar da na ga aikin yini guda ya ƙare kafin shayina ya huce, na yi murna ta gaske, kuma har yau ina ganin abin burgewa ne.

Amma kafin a haɗa kowane mutum-mutumi akwai matakin da ba a cika maganarsa ba: ka ja kujera kusa da mai aikin, ka rubuta duk motsin hannunsa. Wadda na zauna kusa da ita dattijuwa ce, ta fara aikin akawu tun zamanin Minitel da faks. Ta san abin da ya kawo ni, kuma ba ta ɓoye mini komai ba. Ina ta rubutu, ta buɗe wannan, ta danna wancan, sai ta juyo ta ce, "Ɗan saurayi, hannuna kake ta rubutawa. Ba ka tambaye ni abin da idona ke dubawa ba."

Na ce, "Me yake dubawa, Madam?"

Ta jawo wata faktir. Suna daidai, SIRET daidai, adireshi daidai, kayan ma sun iso sito. Sai ta ɗora yatsa a kan lambar asusun, IBAN mai haruffa da alƙaluma 27, ta ce shekara da shekaru wannan kamfani a banki ɗaya ake biyansa, yau ga sabon banki, kuma wasiƙar da ta sanar da sauyin ta fito daga adireshin imel da ya bambanta da nasu da harafi guda. Ta jawo aljihun tebur ta ciro wani ɗan littafi da gefensa ya yi baƙi don yawan shafa, ta nemo tsohuwar lambar wayarsu, ba ta ko kalli wadda ke jikin wasiƙar ba, ta kira. Ba su sauya banki ba. Damfara ce sananniya a ofisoshin akawu na ƙasar nan, ɓarawo ya yi shigar mai kawo kaya ya karkatar da biya zuwa asusunsa. Da Sirene aka tambaya, da ta ce kamfanin yana raye, kuma gaskiya ta faɗa. Ƙofar aike abin da ka tambaye ta kaɗai take amsawa, sanin tambayar da ta dace kuwa a kan Madam yake.

A wurinta na gane cewa amsa iri uku ce. Idan mai kawo kaya daga Jamus ko Italiya yake, ana duba lambar harajinsa ta VIES, ƙofar Hukumar Tarayyar Turai. VIES ba ta ajiye lambobin da kanta. Miƙa tambayar take yi ga rumbun bayanan ƙasar da abin ya shafa, kuma idan ana gyaran wannan rumbu sai ta ce ba a samu ƙasar ba a yanzu. Wanda bai kula ba zai tsara mutum-mutumi ya ɗauki duk abin da ba "e" ba a matsayin "a'a", sai a riƙe kuɗin mutumin kirki babu laifin tsaye babu na zaune. Akwai e, akwai a'a, akwai kuma "ban sani ba tukuna", kuma ta ukun ce ke buƙatar hankali.

Muna gwajin tura umarnin biya Madam ta ce, "Idan ya aika bai ji amsa ba, me yake yi?" Na ce yadda aka saba tsara su, sukan ɗan jira su sake aikawa. Ta ce, "To idan saƙon ya isa, amsar ce ta ɓace a hanya fa? An biya mutum sau biyu ke nan. Mu a zamanin faks, in takardar shaida ba ta fito ba, waya muke ɗauka kafin mu sake turawa." Masana suna da maganin wannan: kowane umarni a ba shi lamba tasa shi kaɗai, yadda ko ya iso sau biyu za a gane shi, inda kuma ƙofar ba ta san wannan dabara ba, mutum-mutumin ya fara tambaya ko na farkon ya shiga. Na karanta wannan a jami'a. A bakinta na ji shi a matsayin kuɗin mutane.

Ta fuskar fasaha babu gardama, ƙofar aike ta fi sauri, ta fi ƙarko, ta fi tsaro. Amma a nan ne abin da ya dame ni ya fara. Lokacin da mutum-mutumin ke bin fuskar kwamfuta, akwai wata kwamfuta a lungun ofis da yake aiki a kanta, kowa yana ganin kibiyar linzami tana yawo ita kaɗai. Ma'aikata sukan tsaya da kofin gahawa a hannu su kalla. Sau da yawa ɗaya zai ce, "Wannan mai kayan ba haka ake yi masa ba," sai a gyara. Da muka koma ƙofofin aike, abin kallo ya ƙare. Aikin ya koma dare, a wata babbar kwamfuta a wajen Paris da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu. Da safe sai adadi: an gama kaza, saura kaza. Yadda aka gama yana cikin kundin da na'ura ke rubutawa, dubban layuka na lambobi da alamomi, kuma a sashen ni kaɗai ke iya karanta shi. Waɗanda suka san masu kayan sun daina ganin aikin. Ni da nake ganinsa ban san masu kayan ba.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, wannan yanayi ya yi mini daɗi. Baƙo ne ni, takardar zamana tana rataye da aikina. Duk baƙon da ke aiki a Turai ya san tsoron nan da ke kwana da mutum ya tashi da shi: in aikin ya tafi, me zai biyo baya? Kasancewar makullin a hannuna ni kaɗai ya kwantar mini da hankali fiye da albashi. Idan abu ya cije aka zo aka ce, "Sai kai," sai in ji ƙafata ta taka ƙasa. Na daɗe kafin in yarda wa kaina cewa wannan kwanciyar hankali tana tsaye ne a kan rufe wa abokan aikina ido daga aikin da suka fi ni sani.

Lokaci-lokaci nakan hau jirgin ƙasa na TGV daga tashar Part-Dieu, awa biyu sai Paris, zuwa taron shugabanni a La Défense. A can ma'auni ɗaya ne. Ana ƙirga awannin da mutum-mutumi ya ɗauke, a raba da 1,607, wato awannin aikin ma'aikaci ɗaya a shekara bisa tsarin awa 35 a mako, sai a ce an ceto aikin mutum kaza. Kullum ana ƙarawa da cewa ba za a kori kowa ba. A takarda maganar gaskiya ce. Dokar Faransa ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya tuntuɓi majalisar wakilan ma'aikata, CSE, kafin ya shigo da sabuwar fasahar da za ta taɓa aikinsu, kuma korar mai kwangilar dindindin ba abu ne mai sauƙi ba a ƙasar nan. Sai dai akwai waɗanda ba sai an kore su ba: 'yan wucin gadi da kamfanonin samar da ma'aikata ke turowa na ɗan lokaci. Su wa'adinsu kawai ake bari ya cika. Wanda ya yi ritaya kuma a ɗauke kujerarsa.

A cikin 'yan wucin gadin akwai wani yaro ɗan Damagaram, shi ke shigar da faktir a na'ura. Wata Juma'a bayan an idar da salla a babban masallacin Liyon, wanda ke titin Pinel ɗin nan a kan iyakar Bron, muna neman takalmanmu ya ce, "Yaya, sun ce ƙarshen wata ne ƙarshe." Na yi shiru. Ya ce, "Wallahi ban riƙe ka ba, Yaya. In ba kai ba, wani za su kawo." Ita ce maganar da nake faɗa wa kaina tun ranar da na fara aikin. Jin ta daga bakin wanda abin ya faɗa a kansa, yana kuma neman ya sauƙaƙa mini, shi ya nuna mini iyakarta. Haka ne, wani zai yi. Amma ni na yi, ni na tsaya a Paris na nuna adadin, kuma ban taɓa buɗe baki na ce ga mutanen da ke cikin adadin ba.

Liyon ta san wannan labari tun kafin a haifi kakanninmu. A unguwar Croix-Rousse har yanzu ga gidajen masaƙan siliki masu dogon rufi, wajen mita 4, an gina su haka don masaƙar Jacquard ta samu wurin tsayuwa. Joseph Marie Jacquard, ɗan garin, shi ya daidaita ta a farkon shekarun 1800, tana karanta zanen ado daga kwalaye masu huda. Masaƙa ba su ɓace ba. Wanda ya fara ɓacewa shi ne mai jan igiyoyi, galibi yaro, na ƙasa a jerin masu aikin, wanda babu mai tsaya masa. Da masaƙan suka yi bore a Nuwamban 1831 kuwa, a kan farashin aiki suka yi shi, bayan attajiran siliki da dama sun ƙi mutunta ƙa'idar da aka cimma a Oktoba. Na'ura ta zauna daram. Rigimar ta wa zai ci ribarta da wa zai ɗauki asararta ce. Ba na cikin masu kukan a dawo da kwafar lambobi da hannu. Aikin da yaron Damagaram ɗin nan ke yi yana cinye ido da wuya da basira, kuma shi ya fi ƙarfin wannan aiki. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ce babu wanda ya biya kuɗin sauyin.

Akwai kuma abin da ya sa "ban sani ba tukuna" ta shige ni fiye da abokan aikina Faransawa: na taɓa zama fayil ɗin da ya maƙale. Na nemi sabunta wata takarda ta intanet, shafi ya ce ana dubawa, makonni suka zama watanni, babu taga, babu lambar waya, babu fuskar da zan yi wa bayani. Ba ni kaɗai ba ne. A 3 ga Yunin 2022 Conseil d'État, babbar kotun harkokin mulki, ta yanke cewa ba za a tilasta wa baƙi neman takardar zama ta intanet kaɗai ba, sai an tanadi wata hanya ga wanda na'ura ta gagare shi. Idan na ga faktir ta tsaya shiru a cikin kundin, wannan jira nake tunawa. Doka ta ba kamfani har kwana 60 ya biya, amma mai ƙaramin gareji a Vénissieux ko direba mai mota ɗaya, jinkirin da babu bayani yana iya hana shi biyan yaransa a ƙarshen wata.

Don haka na sauya yadda nake haɗa su. Kundin aiki ya zama biyu: na na'ura, da wanda ake rubutawa da Faransancin yau da kullum, ya shiga akwatin saƙon 'yan sashen kafin su iso da safe. Faktir kaza an dakatar da ita saboda asusun ya sauya. Kaza saboda rumbun harajin ƙasarsu bai amsa ba, za a sake tambaya da rana. Kaza saboda Sirene ta ce an rufe reshen. Duk inda shakka ta shiga, mutum-mutumin ya tsaya ya miƙa wa mutum, tare da dalili. Sauyin asusun banki ba ya wucewa sai ɗan Adam ya ɗaga waya, kuma lambobin littafin Madam mun shigar da su kafin ta yi ritaya, tana zaune tana karanto mini ɗaya bayan ɗaya, tana ƙara wa zai ɗauka da wa za a nema. Mutum-mutumi kuma ba ya aron kalmar sirrin ma'aikaci, abin da ya zama ruwan dare a sana'ar nan don ya fi sauƙi. In ya yi ɓarna da sunan wata, ita za a tuhuma. Yana da nasa suna, da nasa makulli mai wa'adi irin na tsarin OAuth, da izinin abin da aikinsa ke buƙata kaɗai. Na kuma koya wa wasu 'yan sashen karanta ainihin kundin na'urar, da yadda za su dakatar da mutum-mutumin da kansu ko ba na nan.

Wannan yana da farashi. Adadin da nake kaiwa Paris ya ragu, an tambaye ni dalili, na yi bayani, wasu sun gamsu wasu ba su gamsu ba. "Sai kai" ɗin ma ta ragu. Tsoron kuwa yana nan bai tafi ba, na dai daina kwantar da shi da haƙƙin wasu.

Sauyin da ke gabanmu ya fi duk wannan girma. Tun 2017 aka fara tilasta wa masu yi wa gwamnati aiki tura faktir ta dandalin Chorus Pro, zuwa 2020 dokar ta kama har ƙananan kamfanoni. Yanzu an faɗaɗa abin zuwa ciniki tsakanin kamfanoni: daga 1 ga Satumban 2026 dole kowane kamfani ya iya karɓar faktir ta lantarki ta dandalin da gwamnati ta amince da shi, manya da matsakaita su fara fitar da tasu haka, ƙanana kuma daga Satumban 2027. Faktir za ta riƙa zuwa a siffar da na'ura ke karantawa kai tsaye, irin Factur-X. Mutum-mutumin da na ɓata shekaru ina koya wa karanta takarda ba za a ƙara buƙatarsa ba, aikin zai ƙara nutsewa cikin ƙofofin aike, ido ya ƙara nisa da shi. Nawa aikin ma yana cikin jerin abin da zai sauya.

Yaron Damagaram yanzu yana ɗaukar kaya a wani rumbun ajiya a Saint-Priest. Ranar Asabar mukan haɗu a ɗakin karatu na Jean Prévost a nan Bron, ya buɗe kwamfutarsa ya aika wa Sirene tambaya, ya karanta amsar, ya rubuta abin da za a yi idan 429 ta dawo. Yana da abin da ba ni da shi lokacin da na fara: faktir ta bi ta hannunsa ba adadi, ya san kamannin wadda ba ta da gaskiya tun kafin ya iya faɗin dalili.

A shirin da muke yi wa sabuwar dokar na nemi abu biyu a rubuce. Na farko, duk takardar da za a kai La Défense a ƙara mata layi da ke nuna 'yan wucin gadi nawa ne ba za a sabunta wa wa'adi ba. Na biyu, a ware wani kaso na kuɗin da aka ceto a horar da su, su zama masu duba fayilolin da na'ura ta dakatar. An amince da layin. Batun horon an ce a jira kasafin baɗi, ni kuwa na sake sa shi a ajandar taro mai zuwa.